Darasi na 14: Tukunyar Gida da Abincin Saye a Birni

Wanda ya bi titin Zariya ko titin Katsina a Kano tsakanin fitowar rana da hantsi zai ga yadda birni ke karya kumallo. Mai ƙosai ta ɗora kasko, mai koko na zaune a gefenta, mai shayi ya jera burodi da gwangwanayen madara, yara kuma na ta wucewa da kwanuka a ka. Da azahar masu garau-garau da ɗan wake su karɓi fili a bakin Kantin Kwari da Sabon Gari da ƙofofin masana'antun Sharaɗa da Bompai, da magariba kuwa hayaƙin tukubar masu tsire ya tashi. Dattawa da yawa in sun ga haka sai su girgiza kai, su ce mata sun ajiye muciya, maza sun koyi cin titi. Wannan darasi bai bi su a kan wannan hukunci ba, ko da yake akwai abin damuwa, kuma za mu zo kansa. Abin da za mu tattauna shi ne cewa zaɓi tsakanin girki da saye magana ce ta lissafi, kuma amsar tana sauyawa gwargwadon yawan bakunan da za a ciyar da lokacin da za a ci. Wanda ya zauna ya yi lissafin tsakani da Allah zai tarar cewa a yawancin gidajen birni saye yana da hujjarsa da safe da rana, amma akwai tukunya ɗaya a yini da bai kamata a bar murhunta ya mutu ba.

Mu fara da batun cewa cin abincin saye sabon abu ne. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, kuma ba a taɓa yin kasuwar fatake da ba ta da masu dafa musu abinci ba. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa ya ga masu gasa nama kusa da mahauta, sun kafa tsinkaye kewaye da wuta, wato dai tsiren da muka sani, shekara ɗari biyu ke nan. Gurasar da ake alfahari da ita a Jakara da kewayenta, wadda sunanta ma daga Larabci ya zo, ba kowane gida ke da tanderun gasa ta ba, sana'a ce ta wasu gidaje da sauran gari ke saye a wurinsu. Haka fura, haka alkaki, haka kilishi. Birni wuri ne da mutane ke raba aiki a tsakaninsu: maƙeri ba ya saƙa rigarsa, masaƙi ba ya ƙera fartanyarsa, kuma tun asali dafa abinci na cikin ayyukan da aka raba.

Akwai wani abu kuma da masu kukan lalacewar zamani kan manta. Yawancin abin da muke kira abincin waje a cikin gida aka dafa shi, gidan ne kawai ba namu ba. Wata mai bincike 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi aiki a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta wallafa nazari a 1969 kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki, wato kasuwancin da matan kulle ke yi daga ɗakunansu ta hannun yara. Bayanta, a shekarun 1970, Enid Schildkrout ta bi diddigin tallan yara a unguwannin cikin birnin Kano. Abin da irin waɗannan nazarce-nazarce suka nuna kowane Bahaushe ya san shi ba tare da karatu ba: tuwon dare shi ne babban nauyin da ke kan maigida da mai girki, amma na rana sau da yawa kuɗi ake ba kowa ya saya. Wannan gida a yi ɗan wake, wancan a yi alale, na gaba a yi waina, kuɗin unguwa yana zagayawa daga hannun wata mata zuwa hannun wata, da shi ake zubin adashi, da shi ake tara kayan ɗakin 'ya. Kakanninmu mata da ake kafa hujja da su, su ne suka gina wannan tsari, kuma ba lalaci ya sa su ba.

Dalilinsu shi ne sirrin babbar tukunya. Kowane girki yana da kuɗi iri biyu. Akwai wanda ke ƙaruwa da yawan masu ci, kamar shinkafa da wake da mai. Akwai kuma wanda kusan ba ya motsi ko mutum ɗaya za a dafa wa ko mutum biyar, kamar wutar da za ta nunar da wake, da kuɗin markaɗe, da ruwa da sabulun wanke-wanke. Wake ba ya sanin yawan masu jiransa, lokacin da zai ɗauka a kan wuta shi zai ɗauka. Mai sayarwa da ke dafa wa mutum sittin tana raba kuɗin wutarta gida sittin, kuma da buhu take sayen hatsi, wanda ke dafa wa kansa shi kaɗai kuwa shi zai ɗauki kuɗin wutar gaba ɗaya, ga shi da gwangwani yake awo a shagon unguwa, inda farashi ya fi tsada.

Ga misali, kuma alƙaluman na koyon lissafi ne kawai, kowa ya musanya su da farashin unguwarsa. A ɗauka gawayi da ruwa da sabulu na girkin shinkafa da wake sau ɗaya naira 800 ne, kayan abincin da mutum ɗaya zai ci naira 700, mai garau-garau kuma tana sayar da faranti naira 1,000. Tuzurun da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya in ya dafa zai kashe 1,500, ya yi asarar 500 ban da lokacinsa. Mata da miji za su kashe 2,200 a gida, a waje 2,000. Da an kai mutum uku sai ma'auni ya juya: 2,900 a gida, 3,000 a waje. Gida mai mutum takwas, ko da kuɗin wuta da ruwa ya tashi zuwa 1,200 saboda girman tukunya, zai kashe 6,800 maimakon 8,000, rarar 1,200 ke nan a ci ɗaya, wadda in an tara ta kwana talatin ta zama naira 36,000. Abin lura a nan shi ne shawarar da ta dace da ɗan adaidaita sahu marar iyali ita ce za ta talauta magidanci mai 'ya'ya shida, wadda ta dace da magidancin kuma ɓarna ce ga ɗan adaidaitan. Duk wanda ya ce girki ya fi araha, ko saye ya fi araha, bai faɗi yawan bakuna ba, rabin magana ya yi.

Shekarun nan sun ƙara wa wannan lissafi nauyi. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, ba da jimawa ba darajar naira ta faɗi, kuma a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ɗara na shekarar da ta gabata da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Kananzir tuni ya fi ƙarfin talaka, har risho ya zama kayan tarihi a gidaje da yawa. Gas ya yi tsada, waɗanda suka gudu daga gare shi suka afka wa gawayi, shi ma ya bi sahu. Duk lokacin da makamashi ya yi tsada, kuɗin nan da ba ya motsi shi ke kumbura, sai ƙaramin gida ya ƙara samun dalilin saye. Ga kuma nisa. Wanda ke kwana a Rijiyar Zaki ko Mariri ko Kurna yana neman abinci a tsakiyar gari ba zai biya kuɗin mota sau huɗu a yini don ya dawo cin na rana ba. Kakansa da ke da rumfa a Kurmi yana iya aika yaro gida a kawo masa akushi, shi kuwa jikan sai dai ya fito da kula tun safe ko ya zauna a bencin mai abinci.

Saura abin da ba a cika sa wa cikin lissafi ba, wato lokacin mace. Tuwo da miya daga tsintar hatsi da kai niƙa, zuwa talge da tuƙi da kwashewa da wankin tukunya, aiki ne na sa'o'i. In aka ce a yi haka sau uku a yini, an cinye yinin mace ɗungurungum. A gidan da ake da mata biyu ko uku ana karɓa-karɓar girki, ko ga 'yan mata da suka tasa, nauyin yana raguwa. Amma gidajen birni na yanzu da yawa mace ɗaya ce da ƙananan yara, kuma tana koyarwa, ko tana ɗinki, ko tana zuwa aji irin wannan da yamma. Za a ce ai aikin gida ba a yi masa kuɗi. Gaskiya ne ba a biyan sa, amma matar da ke iya ɗinka riga biyu a sa'o'in da za ta yi a gaban murhu da safe, in ta aika aka sayo ƙosai da koko, gidan ne ya ci riba. A ganina rashin sa wannan cikin lissafi shi ne babban abin da ke sa maza su ga girki sau uku kamar kyauta ne.

Gida mai yawa, wanda lissafi ya nuna masa girki, ribarsa tana ƙaruwa in ya gyara yadda yake cefane. Kano na da gatan da birane kaɗan ke da shi. Dawanau na cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, 'Yankaba ta kayan miya ce, Singa ta kayan masarufi, kuma da rani tumatir da tattasai na kwararowa daga fadamun Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa. Tsakanin farashin kwandon tumatir a watan Fabrairu da na damina akwai tazara mai yawa, shi ya sa iyayenmu ke yanka shi su shanya, su ajiye kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa. Mai ƙorafi zai ce wannan shawara ce ta mai albashi, wanda kuwa sai ya fita ya samo ba shi da kuɗin buhu. Ƙorafin na kan hanya, domin talaka ne ke sayen komai da tsada saboda ƙanana-ƙanana yake saye. Amma abin da gida ɗaya ya kasa, gida huɗu na iyawa: a haɗa kuɗi a sayo buhu a raba da kwano, kamar yadda ake watandar nama da salla. Jiƙa wake tun dare, da rufe tukunya, da kashe garwashi a ajiye shi in an gama, su ma suna rage kuɗin wuta ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Yanzu sai babbar hujjar masu ƙin abincin saye, wato tsafta. Hujja ce mai ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa duk shekara mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki in aka kwatanta da yawan jama'arta. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum dubu ɗari a Najeriya, Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Wanda ya taɓa lura da bokitin da ake tsoma faranti ɗari a ciki ba a sauya ruwa ba, ko rumfar abinci a bakin kwata ƙudaje na sauka suna tashi, ya san tsoron ba na banza ba ne. Ma'aikatan duba-gari kuma sun yi kaɗan ga birnin miliyoyin mutane.

Sai dai ƙwayar cuta ba ta tambayar ko a gida take ko a titi. Abin da take nema ruwa marar tsabta, da hannun da ba a wanke ba, da dafaffen abincin da ya daɗe a ajiye. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 take hayayyafa, Kano kuwa a watan Afrilu zafinta kan haura digiri 40, ga wutar lantarkin da ba ta barin firji ya yi sanyi. Shi ya sa masana ke cewa kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Shinkafar da ta kwana a tukunyar gida aka ɗan ɗumama ta sama-sama da safe ta fi ƙosan da aka tsamo yanzu daga tafasasshen mai haɗari. Ruwan 'yan garuwa da mai abinci ke amfani da shi, shi ne dai ake juyewa a randar gida. Abin da ya faru a Kano a 2021, lokacin da gurɓataccen garin ɗan tsami na haɗa lemo ya kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti har wasu suka rasu, ya nuna cewa guba kan shigo ta kayan haɗi, wanda kowa ke saye a kasuwa ɗaya. Girkin gida ma yana da tasa cutar da ba a cika ambata ba, wato hayaƙi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 shi ne hayaƙin girki da itace da gawayi da kananzir a cikin gidaje yana kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekara, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu ne suka fi shaƙar sa. Mai girki a lungun da iska ba ta ratsawa, sau uku kullum, ba za a ce lafiyarta ake karewa ba.

Saboda haka maganar tsafta ba ta hana saye, zaɓen wurin saye take koyarwa. Abin da aka soya ko aka tafasa a gaban idonka, aka miƙo maka da zafinsa, ya fi abin da aka zuba a faranti tun safe aminci. Ɗanyen kabeji da latas da ake barbaɗawa a kan shinkafa, da zoɓo da kunun aya na ƙullin leda da ba a san ruwan da aka haɗa su da shi ba, su ne suka fi bukatar taka-tsantsan. A duba ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke damƙar abinci, a duba launin man suya, in ya yi baƙi ƙirin an daɗe ana juya shi. Zuwa da kwanon gida ya fi karɓar abinci mai zafi a leda. Wurin da ake layi abincinsa ba ya kwana. Maƙwabciyar da ka san tsakar gidanta kuma ta fi baƙon da ba ka san inda ya dafa ba, wanda shi ne amfanin tsohon tsarin unguwa.

In haka ne, me ya sa aka ce lallai a riƙe tukunya ɗaya a gida, har a ƙaramin gidan da lissafin kuɗi bai tilasta masa ba? Dalilin yana cikin abin da ke cikin farantin. Mai sayarwa ba muguwa ba ce, amma ciniki take yi, kuma abin da ke cika ciki da araha ya jawo mai saye gobe shi ne gari da mai da gishiri da sukari. Ganye da nama da kifi suna cin riba, sai a yi musu ƙwauro. A lissafa abin da ma'aikacin birni kan ci a yini: shayi mai kauri da burodi da safe, taliya da manja da yaji da rana, indomi da ƙwai a teburin mai shayi da dare, da lemon kwalba a tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, ɗunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, haka ƙullin ɗanɗanon da ke cikin ledar indomi. Iyakar sukari wajen ƙaramin cokali 12 ce, robar lemo ɗaya tana iya kai mutum can. Ana kuma so a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum, abin da jerin nan na sama bai ko kama hanyarsa ba. Kwalara cikin kwana biyu take nuna kanta, hawan jini da ciwon sukari kuwa shekaru suke yi suna gini a ɓoye, kuma wanda likita ya ce ya rage gishiri ba shi da ikon tsoma baki a tukunyar da ake dafa wa mutum sittin. A tukunyar gida ne kaɗai yake da wannan iko. Miyar kuka da ta kuɓewa da taushe mai kabewa da alayyahu, da faten da aka cika wa rama ko yakuwa, da kwaɗon zogale, su ke biyan bashin da abincin titi ya ci. Amma fa sai in ba a mayar da tukunyar gidan ta koma kwaikwayon ta titi ba, domin uwargidan da ke jefa magi shida a miyar mutum biyar ba ta tsira da komai ba.

Dalili na biyu ya fi wannan zafi, kuma ba a son faɗinsa. Abincin saye kowa da aljihunsa yake ci, tukunyar gida kuwa rabawa ake yi. Wanda ke fita shi ke riƙe da kuɗi, shi ke wucewa ta gaban mai balangu, shi ake fasa wa ƙwai biyu. Ba sai an ƙirga ba, kowace unguwa ta san magidancin da ke tsayawa a tukuba ya ci na dubu biyu a tsaye, ya goge baki, ya shiga gida inda aka kaɗa miya lami. Naman da ya ci shi kaɗai, da a tukunya ya faɗa, da romonsa ya kai ga mutum bakwai. Waɗanda suka fi bukatarsa kuwa su ne waɗanda ba sa fita: mai ciki, da mai shayarwa, da yaron da aka yaye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Yaro ɗan shekara ɗaya cikinsa ƙarami ne, yana bukatar ci sau uku zuwa huɗu a yini ban da ɗan abin taɓawa, abinci mai laushi mai gina jiki, irin kunun da aka sa wa gyaɗa ko waken suya da garin busasshen kifi. Ba a tallan wannan a bakin titi. In aka miƙa wa yaro naira ɗari aka ce ya je ya saya, alewa da cincin zai sayo.

Wasu kuma ta fuskar mutunci suke kallon abin. A tarbiyyar Hausa babban mutum ba ya cin abinci a kan hanya, malaman fiƙihu ma sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage kamalar mutum, ko da yake sun danganta hakan da al'adar wuri da halin da mutum ke ciki. Leburan da ke sauke buhu a Singa tun safe ba wanda zai ce ya zubar da girma don ya zauna a benci ya ci ɗan wake. Abin da wannan ra'ayi ke karewa na gaskiya shi ne zaman ci tare: yara kewaye da kwano ɗaya suna koyon cin gabansu da barin loma ga ƙarami, maƙwabta sun fito da kwanukansu ƙofar gida ana ciyayya bayan magariba, almajiri ya samu ragowa, maras lafiyar unguwa a aika masa. Duk wannan a jikin tuwon dare yake rataye. Ƙosan safe da garau-garan rana ba su taɓa rushe shi ba, abin da zai rushe shi shi ne ranar da kowa zai shigo da ledarsa da dare ya shige ɗaki.

Akwai ƙorafi ɗaya da ya fi sauran wuyar amsawa. Tsarin nan na unguwa da aka yaba a sama a kan 'yan mata masu talla yake tsaye. Yarinyar da ke yawo da farantin alale a tasha da ƙarfe goma na safe ba ta aji, kuma kowa ya san irin haɗarin da ke jiran ta a can. Arahar abincin unguwa wani ɓangarenta daga karatun yarinyar aka cire shi, mai saye kuma yana da hannu ko bai sani ba. Wannan ba ya nufin uwar ta rufe sana'a, domin sau da yawa da ribar ake sayen littafin ma. Abin da ake gani yana aiki a unguwanni shi ne mai saye ya taka ya je ko ya aika ƙofar gidan, ko a ajiye abincin a shagon bakin layi, ko a yi ciniki ta waya a tura kuɗi, yadda matan birni da yawa ke sayar da cincin da dambun nama da abincin biki yanzu. Gidajen cin abinci na zamani irin na titin gidan Zu da Nasarawa, masu shawarma da soyayyen kaza, ba su shiga wannan lissafi sosai ba. Wurin shaƙatawa ne, kuma wanda ya je ya san kuɗin sanyin ɗaki da kujera yake biya tare da na abinci. Sau ɗaya a wata ko da salla ba laifi, in dai ba daga kuɗin cefane aka yanko ba.

Aikin wannan mako na gida ne. Kowane ɗalibi ya ware shafi bakwai a littafinsa, shafi ɗaya ga kowace rana, ya raba shi gida biyu da layi. A dama a rubuta duk abin da aka kashe a girki, har da gawayi ko gas, da niƙa, da ruwa, da yawan waɗanda suka ci, da sa'o'in da mai girki ta yi. A hagu a rubuta duk abin da wani ɗan gidan ya saya dafaffe, da wanda ya ci shi, kuma shayin maigida da tsirensa da kuɗin tara na 'yan makaranta duk su shiga. Ido ba mudu ba ne, don haka kada a yi ƙiyasi, a rubuta a ranar. A ƙasan kowane shafi a sa alama in an ci ganye a gidan, a sa wata in ƙaramin yaron gidan ya samu wake ko ƙwai ko kifi ko nama. Ranar darasi na gaba za a raba jimillar kowane ɓangare da yawan masu ci, a fitar da kuɗin ci ɗaya na mutum ɗaya, sannan a kwatanta na gida mai mutum biyu da na gida mai mutum goma a kan allo.